Yadda za ki sa ɗan shekara 9 zuwa 12 ya ɗauki littafi ba tare da an ce ya ɗauka ba

Yaron Kano ɗan shekara goma ba karatu ya rasa ba. Ki lissafa yininsa. Wasu tun asuba suna makarantar allo ko tahfiz, ƙarfe bakwai da rabi yana cikin adaidaita sahu zuwa boko, a tashi wajen ƙarfe biyu, ya ci abinci a tsaitsaye, la'asar ta same shi a Islamiyya. Bayan magariba ga aikin gida, ga haddar gobe, in kuma yana aji shida ga malamin lesin saboda jarrabawar shiga sakandare. Duk karatu ne, kuma babu na yarwa a ciki. Sai dai kowanne akwai mai jiransa a ƙarshe, wani da jan biro, wani da dorina. Shi ya sa in uwa ta same ni a makaranta tana cewa, "Malama, yaron nan sam ba ya son karatu," nakan tambaye ta: a duk littattafan da suka taɓa shiga hannunsa, akwai ko guda ɗaya da ba wanda zai titsiye shi a kansa?

Hausa nake koyarwa a aji biyar da shida na wata firamare a cikin birni. Ina da nawa yaran a gida, ga na 'yan'uwa da ake turo mana hutu. Abin da zan faɗa a nan daga aji da tsakar gida na samo shi, kuma da iyaye mata zan fi yin magana, don mu yaran suka fi yini a gabanmu. Abban yara ma yana da nasa rabon a gaba.

Ki fara gano ko ƙi ne ko kasawa

Yara da yawa da ake wa laƙabi da raggwaye ba ƙin littafi suke ba, wahala yake ba su. Yaro na iya kaiwa aji biyar yana kwafar allo da rubutu mai kyau, yana amsa "yes" tare da 'yan aji, alhali in an ba shi sakin layi guda shi kaɗai sai ya yi ta gumi. Ba zai ce miki "Umma, ban iya ba." Cewa zai yi littafin ba daɗi, ko kansa na ciwo, ko an aike shi.

Ki same shi lokacin da babu ƙannensa a kusa, don ba abin da ɗan shekara goma sha ɗaya ya tsana kamar ya yi tuntuɓe a gaban ƙanwarsa. Ki ba shi shafi ɗaya ya karanta miki a bayyane. Kada ki gyara masa, ki dai riƙa ƙirgawa a zuci. In ya cije a kalma ɗaya ko biyu, littafin daidai shi ne. In ya kai biyar a shafi guda, ya fi ƙarfinsa a yanzu, sai ki sauko da shi zuwa mai sauƙi ba tare da kin faɗa masa cewa kin sauko ba. Ki lura kuma da yadda yake riƙe takardar. Yaron da ke kai ta dab da hancinsa, ko yake mutsittsika ido, ko yake tsallake layi, a kai shi asibitin ido kafin a yi masa faɗa.

Akwai wani rukunin, musamman 'yan makarantun kuɗi: suna jin Hausa rangaɗau, suna ɗan karanta Turanci, amma ba su taɓa karanta shafin Hausa ba. Waɗannan aikinsu ba shi da yawa. Ki nuna musu ɓ da ɗ da ƙ, da ts da 'y, ki bari su ji bambancin "baki" da "baƙi" da bakinsu. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka yaron da ya san haruffa ba ya daɗewa yake kama hanya. Kada ki ji tsoron wai Hausa za ta ɓata masa Turanci. A ajina, waɗanda suka fi iya karanta Hausa su ne dai suka fi saurin gane na Turancin, domin wanda ya saba bin labari daga farko zuwa ƙarshe a harshen da yake mafarki da shi, ya riga ya san abin da ake nema a cikin littafi.

Ke za ki fara karantawa

Da yawa muna ɗauka yaro in ya iya haɗa baƙi an gama karanta masa. Ba a gama ba. Ɗan shekara goma kunnensa ya fi idonsa nisa: labarin da zai fahimta in an karanta masa ya fi wanda zai iya karantawa da kansa zurfi. Kuma mu ba baƙin abin ba ne. Gidan da aka taso ana "ga ta nan, ga ta nanku" bayan sallar isha'i ya san yadda ake riƙe yara da murya kaɗai.

Ni daren Alhamis da na Juma'a na fi amfani da su, tunda galibin makarantun allo da Islamiyya suna hutu a ranakun, babu haddar da ke jiran kowa. In an ɗauke wuta ma ya fi, don talabijin ta mutu, sai fitila mai caji da tabarma. Ki karanta da murya irin ta mai ba da labari, ki canza wa sarki murya, ki canza wa ɓarawo. Minti goma sha biyar ya isa.

Sannan dabarar da ta fi kowace aiki: ki tsaya a inda labari ya ɗauki zafi. Ki rufe littafin, ki ce za ki duba tukunya ko barci kike ji. Za su yi ta "Umma don Allah ƙarasa," ki ce sai gobe. Ki ajiye littafin a inda hannu zai kai, kan firji ko gefen katifa, ba cikin durowa mai makulli ba. Kada ki ce wa kowa ya ɗauka. In kin wayi gari kin ga alamar da kika sa a shafi ta matsa gaba, ki yi kamar ba ki gani ba.

Wannan dabara ba tawa ba ce. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta ya fito tun 1937, da ita aku ya riƙe Musa ɗan sarki: duk dare yaron ya yi shirin fita ya bi mayaƙa, sai aku ya jawo labari ya ɗauke masa hankali har gari ya waye. Littafin da aka gina shi kacokan a kan yadda ake hana yaro tashi daga zaune, ai kuwa shi ya cancanci a fara da shi. Labaransa gajeru ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya, ga dariya.

Wane littafi ga wane yaro

Kada ki tambayi yaro wane littafi yake so, bai san su ba. Ki duba abin da yake magana a kai in ba a tambaye shi ba.

Mai son barkwanci da iya shege, ki ba shi Ruwan Bagaja. Ramuwar gayya da ake yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe daga gari zuwa gari tana sa yaran aji shida dariya har su kwanta kan benci. Littafin yana cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya, tare da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Ba duka ne na ɗan shekara tara ba. Shaihu Umar labarin cinikin bayi ne da rabuwar uwa da ɗa, na fi ajiye shi sai yaro ya kai sha biyu, kuma tare za ku karanta, don zai yi tambayoyi. Mai son jarumta da faɗa, wanda kullum yake kwaikwayon finafinan Indiya da ƙannensa, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ne nasa. Mai tambayar taurari da jirage, akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro aka tafi da shi sararin samaniya. Ƙananan cikinsu, 'yan tara, jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya fi musu sauƙin shiga, don Gizo da Ƙoƙi tsofaffin sani ne.

Tsofaffin littattafan nan suna cike da kalmomin da yaran yanzu ba su sani ba: sulai, anini, fam, zagi, lifidi. Yaron da aka haifa shekaru da dama bayan naira ta zo a 1973 ina zai san anini? Kada ki fassara masa duka. Ki ce, "Je ka tambayi Hajiya." Kaka ta samu abin yi, ta ce, "Kai, angon nawa, ashe ba ka san komai ba," ta ba shi labarin abin da anini ke saye a Kasuwar Rimi lokacin tana yarinya. In idonta ya yi rauni, ki mayar da shi mai karanta mata. Yaro ba ya jin kunyar yin kuskure gaban kakarsa, tsokanar juna za su yi su wuce.

Wani yaron kuma ƙagaggen labari bai dame shi ba, cewa zai yi, "Ai ƙarya ce." Wannan a ba shi abin da ya faru da gaske. Ƙissoshin annabawa da tarihin sahabbai akwai su da Hausa mai sauƙi, kuma ƙissar Annabi Yusuf (AS) ba ta taɓa gundurar yaro ba, muddin ba a mayar masa da ita darasin da za a ba da maki ba. Yarinya a nemo mata tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 tana rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su koyar da mata. Tarihin garin nan kansa abin karantawa ne. Ki kai su Gidan Makama, ku hau Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku biya ta marinar Ƙofar Mata. Yaron da ya tsaya a kan Dala ya hango birni, in ya dawo aka ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura, ko na Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya kafa Kasuwar Kurmi, da wani ido zai karanta. Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji yana da amfani a nan, ko da babi-babi za a riƙa tsakura.

Na ƙwallo kuwa, wanda ya haddace 'yan wasan Barcelona har na benci amma ya ce ba ya iya hadda, kada ki raina shafin wasanni. Karatu ne. Ɗan yayata da haka ya shigo: musu suka yi da abokansa kan ƙwallayen da Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars kafin ya tafi Turai, aka ce ya je ya nemo. Ya karanto cewa 18 ne a kakar 2009/2010, ya yi nasara a musun, daga nan ya zama shi ke karanto wa 'yan layinsu labarin wasa. Ba a fi wata biyu ba ya fara ɗaukar abin da ba ƙwallo ba.

Na Turanci, a fara da waɗanda yaro zai gane ƙasar da ake magana a kai. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi a Arewa labarinsa ya faru, gajere ne kuma da saurin tafiya. Chike and the River na Chinua Achebe don yara aka rubuta shi. Littafin zane mai hotuna da 'yan kalmomi a bakin mutane ma littafi ne, kada wani ya ce miki wasa ne.

Inda za a samo su

Kantunan littattafai na Sabon Gari suna da na boko da na Hausa, musamman waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ke bugawa. Na addini da ƙissoshi, Kurmi. Masu shimfiɗa na gwanjo a bakin titi sukan yi na yara masu hotuna da araha, sai dai sai kin tsuguna kin tona. Duk inda za ki saya, ki buɗa littafin shafi-shafi kafin ki biya, domin bugun bayan fage ya yi yawa: wani tawadar ta dushe, wani an tsallake shafi goma a tsakiya, kuma ba abin da ke kashe wa yaro gwiwa kamar labari ya yanke a inda ya fi daɗi.

Ki tafi da shi. Ki faɗa masa iyakar kuɗin da za a kashe, ki ja baya ki bar shi ya zaɓa. Zai ɗauko abin da a ganinki shirme ne, mai bango ja da hoton dodo. In kin leƙa babu abin da ya saɓa wa tarbiyya, ki biya ki yi shiru. In da hali ma ya sa wani abu daga kuɗin barka da sallarsa ko na asusunsa, don littafin da yaro ya saya da kuɗinsa ba ya barin ƙaninsa ya yaga.

Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello na jama'a ne, amma yara da yawa sun ɗauka na 'yan jami'a ne kawai masu shirin jarrabawa. Ki kai su wata rana cikin hutu, ki tambayi ɓangaren yara da yadda ake rajista. Ko ba komai, yaron da bai taɓa ganin littattafai jere a kanta daga bango zuwa bango ba, ganin kaɗai yana yi masa wani abu. A intanet kuma akwai African Storybook, inda ake samun gajerun labarai masu hotuna da Hausa kyauta. In kin ga wanda ya yi, ki kai shagon kwamfuta a buga miki a takarda, ya fi ki miƙa masa waya.

Kada ki karɓi hadda

Nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suke rusa abin da suka gina. Yaro ya gama littafi yana murna, sai a ce, "To zo ka faɗa min darasin da ka koya." Shi ke nan, an mayar da shi aji. Ba a sa yaro ya kawo hujjar abin da ya sa yake son awara da yaji, ci kawai yake yi ya nemi ƙari, haka ake so ya ɗauki littafin da ba na makaranta ba.

In kina son jin abin da ya karanta, ki yi masa gulmar mutanen cikin labarin kamar maƙwabta ne. Kina tsince shinkafa ki ce, "Ni fa wazirin nan ban yarda da shi ba." Ki ga yadda zai zaƙe yana ba ki labarin munafuncin waziri, har abin da ba ki tambaya ba. Ko ki faɗi wani abu ba daidai ba da gangan, ya gyara miki. Yara suna son gyara wa manya.

Kada a sa karatu ya zama horo, irin "tunda ka ƙi jin magana, shiga ɗaki ka ɗau littafi." Kada kuma a biya shi kuɗi kan kowane shafi, don ranar da kuɗi ya ƙare karatu ya ƙare, kuma kafin nan ma zai koyi buɗa shafi ba tare da ya karanta ba. In ya fara littafi ya ce bai yi masa ba, ya ajiye ya ɗauki wani. In ya maimaita guda ɗaya sau biyar, ƙyale shi, a maimaicin ne saurin karatunsa ke ƙaruwa.

Yara mata suna da tasu matsalar. Da an ga yarinya zaune da littafin da ba na makaranta ba, sai a ga ba ta da aikin yi: ɗauko ƙaninki, wanke kwanukan nan, je ki kai niƙa. Yayanta namiji kuwa yana waje yana ƙwallo ba wanda ya kira shi. Ki ware mata rabin awa da kowa a gidan ya san ba a aikenta a ciki, har ke.

Abban yara, naka aikin ba shi da wuya. Yaronka yana ganinka da Alƙur'ani, yana ganinka da waya, amma ya taɓa ganinka kana dariya kai kaɗai saboda abin da ka karanta a takarda? Ka zauna a tsakar gida da littafi ko jarida ko sau ɗaya a mako kafin ka fita majalisa. Ka kira shi, "Zo karanta min nan, ban ɗauko tabarau ba." Namiji ɗan sha ɗaya in ya ga mata kaɗai ke karatun labari a gida, zai yanke hukuncin cewa abin na mata ne.

Waya da littattafan soyayya

Yarinyar da ta kama son karatu, wajen shekara sha biyu za ta ci karo da littattafan soyayya, ko na takarda daga ƙawaye ko waɗanda ake turawa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Marubutan Kano sun rubuta masu kyau da ma'ana, kuma mata da yawa a garin nan da su suka ƙware a karatun boko, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Amma don manya aka rubuta su, kuma na waya ba sa bi ta gaban hukumar tace finafinai da ɗab'i ko wani edita, wasu akwai batsa tsirara a ciki. In kin kama ta da irinsu, duka da ƙona littafi ba abin da za su koya mata sai iya ɓoyo. Ki karɓa ki karanta da kanki, ki faɗa mata dalla-dalla abin da ya sa wannan bai dace da ita ba yanzu, kuma a ranar ki sa mata wani a hannu. In kika bar gurbin babu komai, wayar ƙawarta za ta cike shi. Wayarki da kike ba ta ta yi aikin gida, ki duba waɗanne zaurukan novel kike ciki ke kanki.

Adashin littafi

Kuɗin littafi ya yi tsada, ga kuɗin makaranta ga cefane. Abin da muka yi a layinmu shi ne adashi: kowane gida ya sayi littafi ɗaya a zangon karatu, a tabbata ba a maimaita iri ɗaya ba, a haɗa su wuri guda. Gida takwas, littafi takwas, yaro ya karanta takwas da kuɗin ɗaya. Muna yi musu bango da tsohuwar kalanda ko takardar buhun siminti, muna ajiye su cikin bokitin fenti mai murfi saboda gara da ɓera da ruwan damina.

Riƙon bokitin yara ne ke yi, ba mu ba. Ana ba ɗaya daga cikinsu littafin rubutu ya zama magatakarda: sunan wanda ya ara, ranar da ya ɗauka, ranar dawowa. Duk wata ake canza magatakarda, kuma gara a fara ba wanda ya fi kowa gudun littafi, don mai riƙon kaya dole ya san abin da ke ciki, ga shi kullum yana jin 'yan'uwansa suna rigima kan wa zai karɓi wane. Abin da aboki ya ce "wallahi sai ka karanta wannan" ya fi abin da uwa ko malama ta yaba sau goma shiga kunne.

Littafi zai yage, wani zai ɓata, wani za a zubar masa da miya. Mun yi ƙa'ida tun farko cewa ba a dukan yaro a kan wannan, kuma ba a hana shi ara. Wanda ya yaga shi zai liƙe da gam a gaban magatakarda, wanda ya ɓatar kuma gidansu su kawo wani a zango mai zuwa, ko da na gwanjo ne.